Fasinja, An Iso

Zuwa ga ɗiyata Tabarau,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, da karatu da komai. Ni jiki da sauƙi, sai gwiwar hagun nan da kika sani, da idanu da suka fara yi mini gardama. In kin ga rubutun ya karkace kada ki tsorata, alƙalamin baffanki ne, bai saba da hannuna ba.

Ta'aziyyarki ta rasuwar maigidana, baffanki, ta iso tun tuni, Allah ya ba da lada. Na san kin yi ta kira a waya. Ki yi haƙuri, da na ji muryar na gida sai kuka ya ƙwace mini. Takarda ta fi mini, ita tana jira in gama kuka. Kuma ko da yake mahaifinki da baffanki a kaka suka haɗu, ni ban taɓa ganin nisan ba. Shekarun da kika yi a ɗakina kina makarantar firamare sun ishe ni in ce ke tawa ce.

Motar baffanki tana nan. Kwandasta ne ya karɓe ta, wanda ya daɗe yana bin sa, yanzu shi ne a sitiyari. Na ji daɗi da ba ta faɗa hannun baƙo ba. Ni dai ban sake taka tasha ba tun rasuwar. Jakata mai ruwan ƙasa tana rataye a bayan ƙofa, kullum ina kallonta.

Kina ƙarama a lokacin, wataƙila ba ki gane abin da ke kai ni tasha kowace safiya ba. Lokacin da baffanki ya fara samun mota tasa, ba wanda ya san shi. Sai ya wuni yana kiran lodi, mutane su leƙa su ga ba kowa a ciki, su wuce ta gaba. Ba mai son ya zama na farko a motar da ba kowa, don ya san zai daɗe yana jira. Wata safiya na kai masa filas ɗin shayi da ya manta, ƙafata ta gaji, na hau na zauna a kujerar bayansa. Ban gama hutawa ba wasu mata biyu suka leƙo, suka gan ni, suka shigo da kayansu. Kafin rana ta yi zafi mota ta cika. Washegari da gangan ya manta filas ɗin.

Daga nan ya zama aiki. In cusa tsofaffin zannuwa a jaka, in ɗaura ɗankwali mai kyau, in zauna kamar mai tafiya. In ta cika saura kujerata kawai, sai baffanki ya ƙwanƙwasa rufin mota sau biyu ya ce, "Fasinja, an iso." In sauko, mai zuwa ya maye gurbina, alhali motar ko motsi ba ta yi ba. Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba fa. Ba wanda na ce wa tafiya zan yi, su ne suka ɗauka. Sunan kuwa ya bi ni har gida. Ko ruwa zai roƙa, sai ya ce Fasinja.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ke da kike karatun Turanci har kina koya wa wasu, ki duba mini a manyan littattafanku. Wannan kalma ta fasinja, na san tasu ce, aro muka yi. Me take nufi a wajen masu ita? Akwai maganar da aka yi a gabana ranar rabon kayansa, ba zan maimaita ta yanzu ba, amma ta tsaya mini a rai. Shekara talatin da ɗoriya yana kirana da sunan nan ban taɓa tambaya ba. Yanzu ina so in san ni wace ce a wurinsa. Kada ki rage mini komai, ki faɗa duka.

Na ba direban motar safe takardar, ya ce ya san ƙofar makarantarku.

Innarki

*

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama ni saboda sanyin ɗakin karatu. Da mai gadi ya miƙo mini takardarki na ga rubutunki, sai da na nemi wuri na zauna. Allah ya jiƙan Baffa, ya kai haske kabarinsa.

Na tuna jakar nan sarai. Ni a lokacin na ɗauka kullum tafiya kike fasawa, har ina jin tausayinki.

Tambayarki ta faranta mini rai, don irin aikin da nake yi ke nan. Akwai wani ƙamus a nan mai juzu'i da yawa, sai da na hau tsani na sauko da wanda nake so. Ba ma'ana kawai yake bayarwa ba, yana bin kalma tun daga ƙuruciyarta har tsufanta.

Ashe su ma Turawan Ingilishi aro suka yi, daga Faransanci, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kuma a farko ba ruwanta da mota, don babu motar ma. Fasinja a wancan zamani shi ne mai wucewa, matafiyin da ke bin hanya, galibi da ƙafarsa. Wanda ya ratsa ta ƙofar gidanki da sandarsa da ƙunshinsa, shi ne fasinja.

Akwai lokacin da jirgin fito ma, wanda ke ƙetarar da mutane ruwa, suna kiransa da wannan suna. Wannan ma'anar ta mutu, ba mai amfani da ita yanzu. Daga baya ne kalmar ta koma kan wanda ke zaune a jirgin ruwa wani yana tuƙa shi, sannan keken doki, sannan jirgin ƙasa da mota. A nan muka same ta muka ɗauka.

Har tsuntsu sun sa wa sunan. Akwai wata tattabarar daji da ke ƙaura garke-garke, an ce in suna wucewa sai sama ta yi duhu kamar hadari. Saboda wucewar nan tasu aka kira su fasinja. Mutane suka yi ta harbinsu har ba ko ɗaya da ta rage a duniya. Sunan ne kawai ya saura a littafi.

Ta ƙarshe kuma daga masu tseren kwale-kwale ta fito. In akwai wani a cikin jirgi da ba ya tuƙi da ƙarfi kamar sauran, sai su ce fasinja ne, wato nauyinsa kawai aka ɗauka. Har yau suna faɗar haka a wurin aiki, ga mutumin da wasu ke ɗauke da shi.

Inna, duk lokacin da nake karanta wannan, ke nake gani a kujerar nan ta bayan Baffa, da jakarki a cinya.

Wace magana ce aka yi a gabanki? Ki faɗa mini. Ki gaishe da Tela maƙwabcinmu, ki ce masa har yanzu ina da rigar makarantar da ya ɗinka mini mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ɗiyarki,
Tabarau

*

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Murar ta tafi. Amma hankalina ba a kwance yake ba. Damina ta kusa ƙarewa ban ji daga gare ki ba. Na je tasha na tambayi direban motar safe, ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu. Na kira, wayarki a kashe. Na kira Tela, ya ce yana ganinki kina shanya, lafiyarki ƙalau, sai dai ba kya tsayawa hira.

In gwiwar ce ki faɗa mini in zo. In kuma wani abu na rubuta da bai yi miki daɗi ba, ki ja mini kunne kamar da. Shirun nan ya fi duka zafi.

Ɗiyarki,
Tabarau

*

Zuwa ga Tabarau,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa tana nan yadda take. Takardunki biyu duk sun iso. Kada ki ga laifin direba.

Ba ki yi mini komai ba. Ni na ce ki faɗa duka, kin kuwa faɗa. Na karanta ta farko har ta fara yagewa a wajen ninki. Labarin tattabarun nan ya sa ni kuka, ban san dalili ba. Amma da na zo kan na kwale-kwalen, kika ce ni kike gani, sai na ninke na ajiye a ƙarƙashin katifa.

Tunda kin tambaya, ga maganar. Gwaggonki Mai Kanti ce, ƙanwar baffanki. Ana raba kayansa a tsakar gida, wani ya ce a bar mini rediyonsa. Sai ta ce, ba da faɗa ba, da murmushinta ma, "A bar mata mana. Ai ita fasinja ce, shi da bakinsa yake faɗa. Ya ɗauko ta ya yi ta yawo da ita, ko ɗa ɗaya ba ta ajiye masa ba, yanzu mota ta tsaya." Na shiga ɗaki na kawo musu ruwa.

Na ce a raina ita ba ta yi boko ba, bari in tambayi mai boko. Sai ga shi littafinku ma ya san wannan maganar.

Na zauna na duba, ban ga inda ta yi ƙarya ba. Shi ne yake tashi tun kafin gari ya waye, shi yake shan rana da ƙura, shi ya lalata bayansa a kujera. Ni zama kawai nake yi. Ko yawon da ta ce ma ban yi ba. Kin san ban taɓa wuce ƙofar tashar nan a cikin motarsa ba? Da fari mahaifiyarsa ce ke kwance, ba mai juya ta sai ni. Bayan ta rasu kuma sai ya zama wata rana, wata rana. Yakan dawo ya ba ni labarin hanya yana wanke ƙafa: gadar ƙarfe mai kuka in mota ta hau ta, da hawan da yake sa giya ɗaya yana lallashin motar kamar yarinya, da mai shayin da ke gindin wata babbar bishiya a tsakiyar hanya. Na san su duka kamar na je. Yakan ce, "Fasinja, ranar da zan kai ki, ba lodi, ke kaɗai." In ce to wa zai cika maka ita? Mu yi dariya.

Kwandasta ya zo gaishe ni jiya. Ya rame. Ya ce motar sai rana ta take take tashi, wani lokaci ma da rabin mutane. Na ce ya yi haƙuri, sabon hannu ne. Ya yi ta kallon bayan ƙofa, sannan ya yi sallama.

Na ciro zannuwan daga jakar, zan ba Tela ya yi mini matashin kai da su.

Ki mai da hankali a karatunki.

Innarki

*

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa tun kafin in ce komai. Lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Inna, wallahi ba na kwale-kwalen nake nufi ba. Shafin gaba ɗaya nake nufi, tun daga matafiyi har tsuntsu. Ina zaune a ƙasan tsani da littafin a cinyata, ko'ina na ga kalmar sai in ji muryar Baffa yana kiranki daga zaure. Abin da na so in ce ke nan, na rubuta shi a inda bai dace ba. Da na san abin da Gwaggo ta ce, da hannuna bai rubuta wannan layin ba. Har yanzu ni ce yarinyar nan da ke karo da bokiti da tabarau a fuskarta.

Bari in faɗa miki yadda ake yin ƙamus ɗin nan. Masu yin sa ba su ke ba kalma ma'ana ba. Bi suke yi suna tattara yadda mutane suka yi amfani da ita, wane ya faɗe ta haka a shekara kaza, wance ta rubuta ta haka. Abin da ya zo kunnensu shi suka sa. Ba su taɓa tsayawa a tasharku da safe ba, ba su ji Baffa ba. Don haka ba zan iya samo miki abin da yake nufi a littafin nan ba, ko na sauko da juzu'an duka. Na yi kuskure da ban faɗa miki haka tun farko ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a takardarki. Kwandasta ba sabon hannu ba ne, kowa a tashar ya san shi tun yana rataye a ƙofa. Motar ita ce, hanyar ita ce. Kuma ba ƙofarki yake kallo ba, kin fi ni sanin abin da ke rataye a bayanta.

Kada ki ba Tela zannuwan tukuna. Zai yi miki matashi mai gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Ɗakina ƙarami ne, amma akwai katifa ta biyu a jingine. Ina nan ƙarshen hanyar da Baffa ya yi ta bi. Ba zan matsa miki ba.

Ɗiyarki,
Tabarau

*

Zuwa ga ɗiyata Tabarau,

Sallama. Ina lafiya, gwiwa ta ɗan kumbura amma ba komai. Wannan takardar daga littafin wata 'yar makaranta aka yago mini ita, a cinyata nake rubutu, ki yi haƙuri da layukan. Na yafe miki, dama ban riƙe ki ba. Tsufa ne da kaɗaici, mutum sai ya ga abin da yake tsoro a ko'ina.

Bayan takardarki na daɗe ban yi komai ba. Yau da safe na tashi na dafa shayi, ban ankara ba na ga na cika filas ɗin baffanki. Na tsaya ina kallonsa. Na ce to kada ya lalace, bari in kai wa Kwandasta. Jakar kuwa ban san lokacin da na mai da zannuwan ciki ba.

Tasha tana nan yadda na bar ta, da warin mai da hayaniyarta. Mai gyaran taya ya gan ni ya miƙe tsaye. Motar tana wurinta, ba kowa a ciki, Kwandasta yana ta kiran lodi murya ta dishe. Ya hango ni. Ya ciro tsumma daga aljihu ya goge kujerar bayan direba, ya goge, ya sake gogewa, ko ƙura babu.

Na zauna. Har yanzu akwai ɗan ramin da jikina ya yi a kujerar. Wata mai goyo ta leƙo ta ce, "Mama, wannan ce mai tashi?" Na ce ita ce a layi. Ta miƙo mini jaririn ta hau. Daga nan sai wani tsoho da jikarsa, ita ce mai littafin nan, sai 'yan kasuwa da buhunansu. Shayin bai huce ba mota ta cika, saura kujerata kawai.

Na ƙarshen ya zo, wani dogo mai jakar hannu. Na ɗauki jakata na gyara ɗankwali, ina jira. Kwandasta yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan rufin mota. Na ga ya ɗaga hannun. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya buɗe baki, sai ya juya mini baya yana share fuska da tsumman nan. Ni kuma ƙafata ta ƙi sauka. Shekara talatin ban taɓa sauka ba sai an ce mini an iso.

Dogon ya ce, "Akwai wuri ko babu?" Kwandasta ya ce, "Babu, yallaɓai, ta cika." Ya rufe ƙofa ya tayar.

Tabarau, na ga gadar. Da gaske kuka take yi, har cikin haƙorana na ji. Na ga hawan, Kwandasta ma lallashin motar yake yi, da kalmomin baffanki sak. Ashe hanyar ta fi yadda ya faɗa kore. Bai taɓa ce mini akwai duwatsu masu kama da an jera su da hannu ba, ina jin shi kwalta kawai yake kallo.

A gindin bishiyar aka tsaya. Mai shayin tsoho ne mai haƙori biyu a gaba. Kwandasta ya raɗa masa wani abu, sai ya ajiye ludayi ya zo har taga. Ya ce, "Baiwar Allah, ke ce Fasinja?" Na ce ni ce. Ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce, "Kullum in maigidanki ya tsaya nan na ce Direba ya lodi, amsarsa ɗaya ce: Fasinja ta cika mini mota. Ranar da ya zo a makare kuwa sai ya ce, yau Fasinja ba ta da lafiya. Ni har na ɗauka kamfani ce." Mutanen mota suka yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba a kan jaririn mutane. Ya kawo mini shayi ya ƙi karɓar komai. Bai kai nawa daɗi ba, baffanki ya yi ta zuzuta shi a banza.

Ba sai kin ƙara hawa tsanin nan ba, na daina tambaya. In na koma zan je in gaishe da gwaggonki, ita ma ɗan'uwa ta rasa.

Yanzu ga mu a tasharku. Kowa ya sauka ya kama gabansa. Kwandasta ya sake zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya sake kasawa, na ce ya je ya ci abinci. Ni ina nan a kujerata. Zan ba wani mai babur takardar nan ya kai wa mai gadinku.

Ki yi sauri. Tun da na fara rubutun nan mata biyu sun leƙo sun gan ni sun shigo, suna tsammanin lodi ake yi, ga ta uku can tana tahowa da kwando. In kika daɗe zan cika masa ita in koma ban gan ki ba.

Motar fara ce mai ratsin shuɗi, madubin hagu a ɗaure da waya. In kin zo ki ƙwanƙwasa rufin sau biyu. Kin san abin da ake cewa.

Innarki,
Fasinja